Muhawara: me ya sa awon kuzarin hadiron ke ba masana wahala har yau?

Malam Sani: Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga waɗanda suka yi nisa a fiziks. Makon jiya ina koya wa 'yan aji biyu na babbar sakandare awon zafi. Kun dai san kayan aikin: ɗan gwangwanin jan ƙarfe a naɗe da auduga, a zuba ruwa, a tsoma ma'aunin zafi, a jefa guntun ƙarfen da aka tsamo daga tafasasshen ruwa, a riƙa motsawa ana kallon ma'auni. Kalorimita ke nan a wurinmu. Sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce ya gani a waya wai a CERN, cibiyar binciken fiziks ta Turai da ke can Jeneba, akwai kalorimita mai nauyin tan kusan 2,900, da ita ake auna kuzarin ƙwayoyin da ido ba ya gani. Ya ce, "Malam, ruwa nawa suke zuba mata?" Na ce ya ba ni lokaci. Da na bincika sai kaina ya ƙara ɗaurewa, don na ga ana cewa kuskuren awonta kan kai kashi 5 ko 6 cikin 100. Ni da gwangwanina ina samun kusan haka. Yaya na'urar da ƙasashe suka haɗa kuɗi suka gina za ta tsaya a nan?

Dakta Hadiza: Wa alaikumus salam, Allah ya gafarta Malam. Yaron nan a riƙe shi da kyau, tambayarsa ta masu hankali ce. Suna ne kawai ya zo ɗaya, amma babu ruwa, babu ma'aunin zafi. Ga dalili. Ƙwaya mai kuzarin GeV 100, wato ilaktiron-bolt biliyan 100, idan ka juya shi zuwa ma'aunin da kake koyarwa bai wuce jul 0.000000016 ba. Da za ta juye shi duka a cikin lita guda ta ruwa, zafin ruwan zai hau da kashi 4 cikin tiriliyan na digiri ɗaya. Ba ma'aunin zafin da zai ji wannan.

Abin da ake yi shi ne a tare ƙwayar da ƙarfe mai kauri har ta mutu a ciki, a ƙirga ɓarnar da ta yi kafin ta mutu. Hadiron, wato dangin furoton da niyutiron da fayon, idan ya daki cibiyar wata zarra ta ƙarfen sai ya haifar da sababbin ƙwayoyi, su ma su daki wasu, abin ya yi ta rassa kamar tartsatsin maƙera. Wadda yaron ya gani ita ce TileCal ta ATLAS, ɗaya daga manyan gwaje-gwajen CERN: farantan baƙin ƙarfe ne aka jera, a tsakankaninsu aka cusa falle-fallen roba sama da 400,000, kowanne kaurin milimita 3. Robar tana ƙyalli idan ƙwaya mai caji ta ratsa ta. Siririn zare ya kwashi hasken ya kai shi ga kwalaben da ke mayar da haske lantarki, su kusan 10,000. Yawan haske, yawan kuzari.

Ummi: Anti, to ai ƙarfen ba ya ƙyalli. Abin da ya mutu a cikin ƙarfe fa, wa ya ƙirga shi?

Dakta Hadiza: Ba wanda ya ƙirga, ƙanwata. Kin taɓa ganin 'yan hatsi suna soka buhu da ɗan ƙarfen nan mai kwari su zaro 'yan ƙwayoyi a tafin hannu? Da wannan suke yanke hukunci kan buhu duka. Robar samfur take ɗauka, 'yan kaso kaɗan na kuzarin, sauran a lissafa. Wannan shi ne tushen kuskure na farko, amma shi mai sauƙi ne, ana iya rage shi da ƙara yawan falle.

Injiniya Bashir: Bari in sa baki kan girman. Matsakaicin nisan da hadiron ke shiga cikin baƙin ƙarfe kafin ya yi karo na farko da cibiyar zarra kusan santimita 17 ne. Kafin ka kashe tartsatsin gaba ɗaya kana bukatar wannan nisa kamar sau 9 ko 10. Shi ya sa TileCal ta kusa mita 2 a kauri. Ilaktiron da foton kuwa ba su da wannan taurin kai, ma'auninsu a baƙin ƙarfe santimita 1.8 ne, a dalma bai kai 0.6 ba. Kuma abin da ya ceci aljihun masu gini shi ne zurfin tartsatsi ba ya ninkuwa da kuzari. Ka ninka kuzarin sau 10, ɗan ƙari kawai za ka yi wa ƙarfen.

Malam Sani: Na gode ƙwarai. Amma har yanzu ban ga inda kashi 5 ɗin nan ya fito ba. In dai samfur ne matsalar, a ƙara roba mana.

Dakta Hadiza: Nan ne gizo ke saƙa, Malam. Bari in ba ka abin da na gani da idona. Lokacin da nake digiri na uku na yi kwanan aiki a zauren gwajin na'urori da ke ɓangaren Faransa na CERN, inda ake karkato ƙwayoyi daga injin SPS mai hanzarta su a harbi guntun kalorimita da su don a ga yadda zai amsa. Wajen ƙarfe uku na dare, ina zaune da kofin shayi ya huce, muka fara da ilaktiron masu GeV 100. A allon kwamfuta sakamakon ya riƙa taruwa wuri guda, ya tashi siriri kamar hasumiya. Muka sauya zuwa fayon masu kuzari iri ɗaya, GeV 100 cif. Sai tulin ya baje kamar an zubar da kwandon gero, kuma tsakiyarsa ta ja baya, ta faɗi ƙasa da ta ilaktiron. Na'ura ɗaya, kuzari ɗaya, amsa biyu. Na daɗe ina kallon allon nan.

Dalilin kuwa, tartsatsin hadiron kashi biyu ne a cakuɗe. A kowane karo, kusan sulusin fayon da ake haifa marasa caji ne. Shi fayon marar caji ba ya ko motsawa daga inda aka haife shi, nan take yake rabewa ya zama foton biyu, su kuma su yi tartsatsi irin na ilaktiron, wanda na'ura ke gani sarai. Ɗaya kason shi ne mai wahala. Yana farfasa cibiyoyin zarra, kuma duk furoton ko niyutiron da za a ɓamɓaro daga cibiya sai an biya kusan MeV 8, wato ilaktiron-bolt miliyan 8. Wannan kuɗi ya tafi, ba haske, ba lantarki. Ga niyutiron da ke yawo ba caji, ga niyutirino da muwon da ke sulalewa su fice. A ƙarafa masu nauyi abin da ke ɓacewa haka kan kai kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na wannan kason.

Da a ce rabon nan tsayayye ne, da an huta, sai a ninka da lamba guda a wuce. Ba tsayayye ba ne. Wannan fayon karonsa na farko ya ba marar caji kaso mai tsoka, na'ura ta ga haske da yawa. Na bayansa bai yi haka ba, ta ga kaɗan. Kuma matsakaicin rabon kansa yana hawa da kuzari, daga kamar kashi 30 a GeV 10 zuwa kamar rabi a GeV 100. Ko ka cika wurin da roba, wannan caccanzawar tana nan.

Abdurrazak: Gaisuwa daga Zinder. Na ji wani malaminmu ya ce da yuraniyom aka magance wannan a Jamus. Mu da muke da Arlit mai ma'adinin yuraniyom, abin ya tsaya mini a rai. Wai yuraniyom ɗin yana fashewa ya mayar da kuzarin da ya ɓace. Haka ne?

Injiniya Bashir: Madalla da ka kawo wannan, don nan nake son zuwa. Gwajin ZEUS ne, a injin HERA na cibiyar DESY da ke Hamburg, wanda ya yi aiki daga 1992 zuwa 2007. Sun jera farantan yuraniyom da aka rage wa ƙarfi masu kaurin milimita 3.3, da roba mai milimita 2.6. Da wannan suka sa na'urar ta amsa wa ilaktiron da hadiron daidai wa daida. Sakamako: kuskuren kashi 3.5 a GeV 100. Na ATLAS, bisa abin da aka tsara, ya kusa kashi 6. Na CMS, wani babban gwajin na CERN, ya haura 10. Ni a ganina an yi baya. An gano maganin ciwo tun kafin a gina LHC, babban injin karo na CERN inda ATLAS da CMS suke, aka ajiye shi, aka koma ana lallashi da kwamfuta.

Malam Garba: Bashir, dakata. Abdurrazak ɗana, abin da malaminku ya faɗa shi ne abin da masana suka ɗauka a shekarun 1970, kuma da wannan tunani aka fara sa yuraniyom. Daga baya, a shekarun 1980, bincike irin na Richard Wigmans ya nuna ba fashewar ce jigo ba. Niyutiron ne, da haidurojin ɗin da ke cikin robar. Ka taɓa buga sunuka? Ƙwallo idan ta daki 'yar'uwarta mai nauyi ɗaya gaba da gaba sai ta tsaya cik, ta miƙa mata gudunta duka. Idan bangon tebur ta daka sai ta dawo da gudunta. Niyutiron a cikin yuraniyom ko dalma bango yake duka, ba ya asarar abin a zo a gani. Da ya shigo roba sai ya tarar da furoton na haidurojin, sa'ansa a nauyi, ya juye masa kuzari, furoton ɗin kuma yana da caji, sai roba ta yi ƙyalli. Yawan niyutiron yana tafiya da yawan cibiyoyin da aka farfasa, don haka suna zama shaidar abin da ya ɓace. Hujjar ita ce an samu wannan daidaito da dalma zalla, ba yuraniyom ko kaɗan, idan kaurin dalmar ya ninka na robar kamar sau 4.

Abdurrazak: Na gode Baba. Ashe sirrin yana cikin robar da ba a kallo.

Malam Garba: Yana cikin rabon kaurin biyun. Shi kuma Bashir, ban yarda an yi baya ba. Daidaiton nan yana da farashi. Dole robar ta zama 'yar kaɗan, sai awon foton da ilaktiron ya lalace. ZEUS ta kasance tana da kuskuren kusan kashi 18 ga ilaktiron mai GeV 1, yana raguwa idan kuzari ya ƙaru. Su ATLAS da CMS kuwa an gina su ne suna farautar ƙwayar Higgs, kuma ɗaya daga hanyoyin da suka gan ta a 2012 ita ce rabewarta zuwa foton biyu, ɗan tudu ƙarami a GeV 125 a kan tarin shara. Da ba don lu'ulu'un CMS sama da 75,000 da ruwan argon na ATLAS masu auna foton da ilaktiron ba, da tudun nan ya nutse. Da zarar ka sa irin wannan na'ura a gaba, hadiron ya fara tartsatsi a cikinta, daidaiton da ka sha wahala a baya ya rushe. Sannan niyutiron ba sa sauri, sai ka jira su, alhali a LHC dunƙulen furoton na haɗuwa duk bayan nanosakan 25.

Injiniya Bashir: Ranka ya daɗe, na karɓi maganar Higgs. Amma CMS fa? Kalorimitar hadiron ɗinsu an matse ta a cikin maganaɗisu, ba ta kai kaurin da ya kamata ba, har sai da suka ƙara wani falle a waje don kama jelar tartsatsin.

Dakta Hadiza: Gaskiya ne, Yaya Bashir, da gangan suka zaɓi haka. Sun sa ƙarfinsu a maganaɗisu mai tesla 3.8 da na'urar bin sawu ta silikon. Kuma ka tuna a LHC ba kasafai ake auna hadiron ɗaya tilo ba. Kwak ko guluwon, wato ƙananan ƙwayoyin da ke cikin furoton, idan ya fito ba ya zama shi kaɗai, sai ya rikiɗe ya zama feshin ƙwayoyi masu yawa a dunƙule. A cikin feshin nan, kusan kashi 60 zuwa 65 na kuzarin yana hannun hadiron masu caji, kusan kashi 25 foton ne, abin da ya rage, kamar kashi 10, shi ne na marasa caji irin su niyutiron. To me zai sa in auna mai caji da kalorimita mai rauni, bayan maganaɗisu ya lanƙwasa hanyarsa kuma na'urar bin sawu ta ba ni awonsa da kuskuren kashi 1 ko makamancinsa? Mai caji a ba bin sawu, foton a ba lu'ulu'u, kalorimitar hadiron a bar mata kashi 10 ɗin da ba mai iya gani sai ita. Gwajin ALEPH ya fara irin wannan a zamanin LEP, injin da ya gabaci LHC a CERN, CMS ta ɗauka ta inganta, kuma awon feshinsu ya gyaru sosai.

Injiniya Bashir: A takarda ya yi kyau. Amma mai cajin da kika auna a gaba ai shi ma yana zuwa ya mutu a kalorimitar. Sai kin cire nasa kafin ki san na niyutiron. Idan sun faɗi kusa da juna, tartsatsinsu ya haɗe, yaya za ki raba? Ko ki ƙirga abu sau biyu, ko ki share niyutiron ki ce na mai cajin ne. Kuma iya ƙarfin feshi iya matsuwar ƙwayoyinsa, ga hanyar mai gudu ba ta lanƙwasa sosai balle bin sawu ya auna ta da kyau. Wato inda aka fi neman sabon abu, nan dabarar ke raguwa.

Dakta Hadiza: Ban musa ba, wannan ruɗanin shi ne iyakar dabarar, kowa a fagen ya sani. Amsarsa ita ce a yanka kalorimita ƙanana-ƙanana har ta zama kamar kyamara. Haɗin gwiwar CALICE ta shafe shekaru tana gwada wannan. CMS kuma tana gina sabuwar kalorimita ta bakunan na'urar biyu, da silikon mai tashoshin karatu kusan miliyan 6, domin zangon LHC mai zuwa inda za a riƙa samun karo 140 zuwa 200 a haɗuwa guda. A irin wannan cunkoso, in ba ka ga siffar kowane tartsatsi ba, ba ka ma san na wane karo kake aunawa ba.

Injiniya Bashir: Tashoshi miliyan 6, kowacce da wayarta da zafinta da saitinta. Ni inda zuciyata ta kwanta shi ne karatu biyu, aikin da aka fara da sunan DREAM, ya ci gaba a CERN da sunan RD52. A cusa zare iri biyu a cikin jan ƙarfe. Ɗaya mai ƙyalli, yana ganin duk mai caji. Ɗaya garau, ba ya haske sai ƙwaya ta fi haske gudu a cikinsa, hasken Cherenkov ke nan, kuma a tartsatsi kusan ilaktiron da kishiyarsa fositiron ne kaɗai ke kai wannan gudun. Ka gwada amsar zaren biyu, ka san rabon da Dakta ta ce yana caccanzawa, a kowace ƙwaya, ɗaya bayan ɗaya. Ka auna ciwon kansa, ba ka kewaye shi ba.

Malam Garba: Dabara ce mai kyau, kuma ana nazarinta don injinan gaba. Sai dai hasken Cherenkov kaɗan ne ƙwarai, kuma har yau ba a gina cikakkiyar na'ura irinta a babban gwajin karo ba. Abin da ke kora ku duka biyu abu ɗaya ne: bambance ƙwayoyi biyu masu nauyi, W mai GeV 80.4 da Z mai 91.2. Idan kowannensu ya rabe zuwa feshi biyu, kana bukatar kuskuren kashi 3 zuwa 4 kafin ka bambance su. Ni na fi karkata ga cewa injin da zai zo zai haɗa biyun.

Ummi: Ni abin da ke damuna saiti ne. A ɗakin gwajinmu muna da ƙaramin lu'ulu'un sodiyom ayodaid, muna saita shi da siziyom 137, mu nemi tudunsa a keV 662, wato ilaktiron-bolt dubu 662. Ranar nan aka ɗauke wuta ana tsakiyar awo, da aka tada janareta tudun ya matsa gefe, aikin yini ya tashi a banza, na kusa kuka. Kwalba ɗaya ke nan. Masu 10,000 fa?

Dakta Hadiza: Sannu Ummi, na san zafin wannan. Za ki yi mamaki, siziyom 137 ɗin nan naki shi TileCal ke amfani da shi. An ratsa siraran bututu ta cikin dukkan falle-fallen, ana tura ɗan ƙwanso mai siziyom da ƙarfin ruwa ya bi ta kowanne, a ga hasken da ya bayar. Ana kuma harba leza ga kwalaben, a zuba sanannen caji a wayoyin, don a san a wane mataki abu ya goce. Dole ne, domin robar tana dushewa da shan radiyeshan. A kuzari mai yawa ma wannan ne ke mulki: a GeV 1,000 kuskuren caccanzawa ya sauko kusan kashi 1.6, amma akwai kashi 3 da ba ya sauka, kuma rashin daidaiton saiti na cikin masu jawo shi. Abin da kike koya da kwalba ɗaya shi ne aikin. Jami'ar Wits ta Afirka ta Kudu tana ƙera kayan wutar lantarkin TileCal, ɗalibai irinki ne ke gwada su.

Abdurrazak: Wai da gaske ne tagullar CMS daga harsasai aka samo ta?

Injiniya Bashir: Da gaske ne. Kwanson harsasan igwa na sojan ruwan Rasha, na zamanin yaƙin duniya na biyu, sama da miliyan ɗaya aka narkar aka yi farantan bakunan kalorimitar. An zaɓi tagulla ne don maganaɗisu ba ya jan ta.

Malam Sani: Allah ya saka da alheri. Yau na shiga ajin na rubuta lissafin lita guda a allo, na ba su misalin buhun hatsi. Yaron nan bai bar ni na fita ba. Ya ce in niyutirino yana ratsa ƙarfen duka ya wuce, ta ina aka san ma ya fito?

Dakta Hadiza: Ka ce masa ta giɓin da ya bari, Malam. Furoton biyun suna zuwa ne gaba da gaba a kan layi ɗaya, ba wanda ke da motsi zuwa gefe. Don haka bayan karo, idan ka tara turin duk abin da ya fantsama gefe, na dama ya soke na hagu, na sama ya soke na ƙasa, dole a tashi da sifiri. In an ga GeV 40 sun tafi gabas ba abin da ya tafi yamma, to wani abu ya fita yamma ba a gan shi ba. Shi ya sa ake rufe wurin karon ruf da kalorimita ta kowace fuska, har CMS ta ajiye wata ta baƙin ƙarfe da zaren kwaz a nisan mita 11 don kama masu bin gefen bututu. Kowace kafa da aka bari, da kowane feshi da aka auna ba daidai ba, zai fito kamar niyutirinon ƙarya. Da wannan hanyar gwaje-gwajen UA1 da UA2 suka gano W a 1983: ilaktiron mai ƙarfi a gefe guda, ɗaya gefen kuma wayam. Ka zana masa kibiyoyi uku a allo, biyu ka ba shi tsawonsu da inda suka dosa, ka ce ya nemo ta ukun.